Wa Ya Haƙa Rijiyar?

A gidan hayar da muka taso a Kakuri akwai wata mata da kowa ke kira Mama, har iyayenmu. Malamar asibiti ce, Kirista, mutuniyar kudancin Zariya, ɗakinta na kallon namu, igiyar shanya ce kawai tsakaninmu. Ita ce ta fara jefa mini tunanin da nake son mu tattauna yau, ya kai mai karatu, ko da yake ita ba ta san ta yi ba, ni ma a lokacin ban sani ba.

Ranar da sunan Yayata ya fito cikin waɗanda aka ɗauka a Kwalejin Sarauniya Amina, gidan nan kamar ana biki. Daga ƙofarmu zuwa ƙofar makarantar tafiyar ƙafa ce, amma da yake ta kwana ce dole a yi mata shiri irin na mai tafiya wata uwa duniya. Baba ya dawo daga masaƙa da akwatin ƙarfe ɗaure a bayan kekensa, Inna ta zauna dakan yaji da tuyar ƙuli-ƙuli, aka auno garin kwaki da sukari. Mama ta fito ta rungume Yaya ta ce, “Ashe 'yata makarantarmu za ki shiga, Kwin of Afosul!” Yaya kuwa, da yake yarinya ce mai ji da sabon abu, sai ta ce, “Mama, ai Kwin Amina sunanta.” Mama ta yi dariya ta ce, “Ke dai je ki, gadon da za ki kwanta a kai ya san sunansa.”

Haka suka yi ta yi har Yaya ta gama. Duk hutu sai an taɓa wannan musu, cikin wasa da dariya, kuma ba wadda ta taɓa sakar wa 'yar'uwarta. Mu yara muna ganin abin kamar wasan jika da kaka ne. Sai da na girma na gane cewa ƙarƙashin wasan nan akwai tambaya mai nauyi: idan wani ya gina abu, wani ya zo ya karɓa ya sake masa suna, wanda ya ci moriyarsa daga baya wa zai gode wa? Kuma shin sabon suna yana goge tsohon bashi?

Bari mu koma baya kaɗan saboda wanda bai san wurin ba. Kakuri tana kudu da kogin Kaduna ne, ba nisa da babbar tashar jirgin ƙasa. Kafin Turawa su taso da hedkwatarsu daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, yankin nan ƙasar Gwarawa ce, gonaki da 'yan ƙauyuka. In ka duba sunayen mazaɓun ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu za ka ga Kakuri Gwari, ga kuma Kakuri Hausa, kowane suna yana gaya maka wanda aka tarar da wanda ya zo. A nan ne a 1940 wasu mata 'yan ɗariƙar Katolika, irin waɗanda muke kira Sista, suka buɗe makarantar 'yan mata. Ƙungiyar tasu a birnin Liyon na ƙasar Faransa aka kafa ta a 1876, amma waɗanda suka yi aiki a nan Arewa akasarinsu mutanen Ayaland ne. Suka sa wa makarantar suna Queen of Apostles, wato Sarauniyar Manzanni, wani laƙabi ne da 'yan Katolika ke yi wa Nana Maryamu, manzannin kuma almajiran Annabi Isa suke nufi.

Don ka san girman abin, sai ka duba yadda karatun 'ya mace yake a Arewa a wancan zamani. Sai a 1930 aka buɗe 'yan ajujuwan mata a Katsina da Kano, a inuwar Sarki Muhammadu Dikko da Sarki Abdullahi Bayero, su ma 'ya'yan gidan sarauta da na fadawa ne suka fi yawa. A 1939 aka buɗe cibiyar horar da mata a Sakkwato. Sakandaren 'yan mata ta farko da gwamnatin Jihar Arewa ta gina da kanta kuwa, wato Kwalejin Sarauniya Elizabeth ta Ilori, sai a 1956 ta samu. To ka ga wanda ya gina ɗakin kwana ya tara 'yan mata yana koya musu lissafi da Turanci tun a farkon wancan lokaci, ba ƙaramin abu ya yi ba. Daga cikin waɗanda suka yi karatu a wannan makaranta ta Kakuri har da marigayiya Maryam Babangida, wadda ta kafa shirin kyautata rayuwar matan karkara a 1987.

Unguwar kuwa daga baya ta taso ta kewaye makarantar, kuma auduga ce ta tashe ta. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL, haɗin gwiwar gwamnatin Arewa ta Sardauna da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead. Sai Nortex ta biyo baya, sai UNTL da Arewa Textiles a tsakiyar shekarun 1960. Ga kamfanin ƙera makamai na soja da aka kafa a 1964, ga kamfanin harhaɗa motocin Peugeot da ya fara aiki a 1975. Audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi ta shigo a ɗaure, ta fita atamfa da yadi. Wanda bai ga Kakuri a lokacin tashin ma'aikata ba, wallahi bai ga taron kekuna ba. Da jiniya ta yi kuka sai ka ga titi ya cika maƙil, masu fitowa da farin ɓurɓushin auduga a gashin kansu kamar furfura, masu shiga suna sauri da kwanon abinci rataye a kan keke. Ba dare ba rana, domin injin ba ya barci. Batibe da Ba'idome da Bakaje da Banufe da Bahaushe duk layi ɗaya suke bi ranar albashi, gidan haya ɗaya suke komawa, famfo ɗaya matansu ke faɗa a kai. Yaya ta ce su a makaranta ba sa buƙatar agogo, jiniyar masaƙa ce ke gaya musu lokaci ya yi, wani sa'in ma ta riga ƙararrawar makarantar.

Ana cikin haka, bayan yaƙin basasa, a 1972 gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya ƙarƙashin gwamnan soja Abba Kyari ta karɓe makarantun 'yan mishan. St. John's ta zama Kwalejin Rimi. St. Paul's ta Wusasa ta zama Kwalejin Kufena. St. Faith's ta Kawo ta zama sakandaren 'yan mata ta gwamnati. Ita kuma ta Kakuri aka cire mata wata sarauniya aka sa mata wata: Amina ta Zazzau, 'yar Bakwa Turunku, wadda har yau ake danganta tsofaffin ganuwoyi da sunanta. Wanda ya zaɓi sunan nan yana da basira, ban hana shi ba. In za ka raɗa wa makarantar mata suna a ƙasar Zazzau, da wuya ka sami wanda ya fi wannan.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Na zauna da mutane iri biyu a kan wannan magana, kuma kowanne rabin labarin ya riƙe.

Na farko su ne mutanena, waɗanda muke sallah sahu ɗaya. In ka ce musu Sistoci ne suka gina makarantar nan sai ka ga fuska ta canza. Wani ya ce maka, “To ai ba don Allah suka yi ba, addininsu suka zo yaɗawa.” Gaskiya ne addininsu suka zo yaɗawa, su ma ba su ɓoye ba, sunan makarantar ma ya isa shaida. Kuma tsoron da iyayenmu suka yi na kai 'ya'yansu mata hannun mishan tsoro ne mai dalili, kada wani ɗan boko ya zo yau ya ce jahilci ne. Mutum yana da haƙƙin ya ji tsoron abin da zai raba 'yarsa da addininta. Amma tambayata ita ce, in mutum ya haƙa rijiya a bakin hanya da wata manufa tasa, kai kuma ka zo daga baya da ƙishirwa ka sha, manufarsa ta rage wa ruwan sanyi ne? Niyya tsakaninsa da Ubangijinsa take, Shi zai yi hukunci. Abin da ke tsakaninka da shi ruwan da ka sha ne. Yayata Musulma ce, da sallarta da azuminta ta shiga makarantar nan ta fito, ta zama malama ta koyar da ɗaruruwan yara. Amma ajin da ta zauna, da ɗakin da ta kwana, da tsarin da ta tarar na tashi da asuba a share a wanke a jera, wasu mata ne suka baro ƙasarsu da danginsu suka zo cikin zafi da sauro suka kafa shi. Faɗin haka bai rage mata imani da ƙwayar zarra ba. Mu da aka koya mana cewa godiya ga mutane tana cikin godiya ga Allah, ban san a ina aka ce sai in mai kyautar ɗan'uwanka ne a addini ba.

Na biyu su ne mutanen Mama. Su kuma in aka taɓo zancen sai ka ji, “Makarantarmu ce aka ƙwace, aka sa mata sunansu.” Zafin da suke ji na gaske ne, ba na raina shi. Ka gina abu da guminka, da kuɗin da talakawa suka riƙa sakawa a faranti ranar Lahadi, wata safiya a ce ba naka ba ne, ko sunan da ka raɗa ma an goge, wannan ko wane ne sai ya ji ciwo. Amma su ma akwai abin da suke tsallakewa. Makarantun mishan da gwamnati ta amince da su suna karɓar tallafi daga baitulmali, kuɗin kuwa daga harajin talakawa da ribar gyaɗa da auduga yake fitowa. Wato manomin da ke bayan Funtuwa, wanda 'yarsa ba ta taɓa taka ƙofar makarantar ba, shi ma akwai guminsa a jikin bangon nan. Sannan filin fa? Kafin Sista ta zo, kafin gwamna ya zo, akwai Bagwarin da ke noma wurin. Shi ba a sa sunansa a allo na farko ba, ba a sa a na biyu ba, kuma ban taɓa jin an yi musu a kansa ba. Haka kuma bayan 1972 ƙofar ta buɗu ga 'ya'yan mutane irin Babana, wanda da makarantar na hannun mishan, na san ko sama da ƙasa za ta haɗe ba zai kai Yaya ba. Wannan ma alheri ne, kuma canjin nan ne ya kawo shi.

To ka ga rijiyar nan hannu da yawa ne suka haƙa ta. Abin da ya ba ni tsoro shi ne yadda kowa ya zaɓi hannu ɗaya ya ce shi kaɗai ya gani.

Wani zai ce, malam, mene ne na tayar da tsohon zance, suna ai suna ne kawai. A'a, suna ba suna ba ne kawai, mu Hausawa mun fi kowa sani. Mu ne fa mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, mu ne muke yanka rago don a raɗa suna, mu ne in aka mayar wa yaro sunan kakansa sai a riƙa kiransa Abba ko Baffa don girmamawa. Mutanen da suka ɗauki suna da wannan nauyi ba za su ce goge shi ba komai ba ne. Ni ban ce a mayar da tsohon suna ba. Wasu jihohi sun mayar wa 'yan mishan makarantunsu, Legas a 2001, Anambara a 2011, wannan kuma magana ce ta masu mulki da masu shari'a, tana da nata rassan, ba ita na zauna yi ba. Abin da nake cewa ya fi haka sauƙi, ya kuma fi haka wuya: yarinyar da ta shiga Kwalejin Sarauniya Amina ta san cewa makarantarta ta taɓa amsa wani suna, ta san su wa suka raɗa shi, ta faɗe shi ba tare da jin kunya ko jin haushi ba. Ita kuma jikar Mama ta iya cewa Kwin Amina ba tare da ta ji kamar ta ci amanar kakarta ba. Mutum yana iya gadon gida ya sake masa fenti, har ya sake masa ƙofa, ba laifi. Laifin shi ne ya gaya wa 'ya'yansa cewa daga sama gidan ya faɗo.

Da Kakuri ta ci gaba da zama yadda muka san ta, da watakila ban damu da rubuta wannan ba, domin unguwar da kanta tana koyar da darasin. Yaron da ya taso yana cin tuwon sallah a ɗakinmu, yana cin shinkafar Kirsimeti a ɗakin Mama, ba ya buƙatar littafi ya gaya masa cewa alheri yana fitowa ta kowace ƙofa. Amma Kakurin nan ta tafi. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 masaƙu suka fara tangaɗi, kayan gyaran inji suka yi tsada, wuta ba ta tsayawa, man baƙi ya yi wuya. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, ga kuma na sumoga yana kwararowa ta kan iyaka da arha. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Mutanen da suka ba injin ƙuruciyarsu suka koma acaba da gadi, da yawa suka mutu suna jiran haƙƙinsu na sallama. Jiniyar da ke tashin 'yan makaranta ta yi shiru.

Kafin ma masaƙun su gama mutuwa sai ga rikicin watan Fabrairu na 2000 a kan batun shari'a, sai na Nuwamba 2002 a kan gasar sarauniyar kyau. Ba zan tsaya ba da labarin abin da ido ya gani ba, waɗanda suka gani ba sa son a tuna musu. Abin da ya biyo baya shi ne kogin Kaduna, wanda da ruwa ne kawai da gada a kansa, ya zama iyaka. Musulmi da yawa suka tattara suka koma arewa da kogi, Kiristoci da yawa suka koma kudu. Mu ma muna cikin waɗanda suka ɗaure kaya. Ka duba wannan abin mamaki: makarantar da ke ɗauke da sunan sarauniyar Zazzau ta zauna a ɓangaren da Kiristoci suka fi yawa, ita kuma tsohuwar St. John's tana Unguwar Rimi a ɓangaren da Musulmi suka fi yawa. Kowane ɓangare yana riƙe da ajiyar ɗan'uwansa.

Yanzu yaro zai taso a Rigasa, wani a Sabon Tasha, su kai shekara ashirin ba su taɓa cin abinci kwano ɗaya ba. Wannan an gaya masa, su suka zo su ɓata mana 'ya'ya muka ƙwato abinmu. Wancan an gaya masa, mu muka gina suka ƙwace. Rabin labari a hannun wanda bai taɓa zama da mai ɗaya rabin ba, ai ba tarihi ba ne kuma, makami ne, ranar da aka sami saɓani shi za a fara zarowa. Musun Mama da Yaya bai taɓa zama faɗa ba saboda bayan sun gama Mama za ta aiko da maganin zazzaɓi, Inna kuma ta aika mata da kunun tsamiya. Cire igiyar shanyar nan da ke tsakanin ɗakunan biyu, ka bar musun shi kaɗai, ka ga abin da zai zama.

Ni kaina ban fita daga zargi ba. Na daɗe in ana hirar makarantun Kaduna a majalisa ina jin ana faɗin rabin nan namu, na san sauran, amma in yi shiru don kada a ce ina kare wasu. Shirun nan ma wani nau'i ne na cin bashi.

Bayan mun tashi da shekaru, labari ya zo mana cewa Mama ba ta da lafiya, tana wajen ɗanta a Sabon Tasha. Yaya ta ce lallai sai na kai ta. Muka ɗauki 'yarta ta fari muka haye gada. Muka tarar da Mama ta tsufa ƙwarai, idon ma ya yi rauni, sai da ta shafa fuskar Yaya sannan ta ce, “'Yata ce?” Suka rungume juna suna kuka. Da aka natsa ta jawo yarinyar ta ce, “Ke kuma wace makaranta kike?” Yarinya ta faɗi sunan wata makarantar kuɗi ta je-ka-ka-dawo da ke bayan layinsu. Mama ta ce, “Akwai 'ya'yanmu a ajinku?” Yarinya ta dubi uwarta, ba ta gane tambayar ba. Yaya ta sunkuyar da kai ta ce, “Babu, Mama.”

Mama ta yi shiru can, sannan ta juya wajen Yaya ta ce, “Wai mangwaron nan na bayan ɗakin cin abinci, kin tarar da shi?” Yaya ta ce, “Na tarar da shi, Mama, har bulala na sha a kansa.” Mama ta ce ai 'yan ajinsu ne suka dasa shi. Yaya ta ce ina, an gaya musu wani tsohon mai gadi ne. Nan suka kama sabon musu, Mama har da tashi zaune, suna ta dariya, wannan ta ce makarantarmu kaza, waccan ta ce makarantarmu kaza. Ina gefe ina sauraro, har muka tashi ban ji ɗayarsu ta kama suna ba.

Da la'asar ta yi sanyi ɗan Mama ya leƙo ya ce, “Yaya, ba korarku nake ba, amma gara ku haye gada da sauran haske.” Muka yi sallama, Mama ta sa aka ɗauro wa yarinyar gyaɗa a leda, muka fito neman mota.